Ragunan da Suka Cika Ordinatar Balkisu

Duk wanda ya taɓa neman hoton kartidantite, wato katin shaida, a Dakoro ya san shagon Balkisu, can bayan tasha kusa da masu sayar da buhuna. Ɗiyar manomi ce. Ta yi lakwal har kolej, sannan ta shekara shida tana buga takardu a wani ofis, inda ta saba da ordinatar. Da mai hoton unguwarsu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ta sayi kamararsa da labulensa mai zanen teku, ta koya wa kanta gyaran hoto. Hannunta na da kyau. Takan ɗebe wa mutum ƙurji a goshi, ta daidaita masa hula, amma ba ta haska fata fiye da kima.

Hali ɗaya gare ta, ba ta goge hoton mutum. A shekararta ta fari wata mata ta zo daga Kornaka tana tambaya ko akwai hoton mahaifinta da ya rasu, don ya taɓa ɗauka a nan. Balkisu ta laluba ta samo shi. Matar ta zauna kan benci tana kuka tana dariya. Tun ran nan duk fuskar da ta shiga ordinatar ta samu wurin zama.

Wata ranar kasuwa Malam Harouna, daraktan wata lakwal a Birnin Lalle, ya kawo hotunan ɗalibai arba'in da biyu a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa ordinatar. Na takardun jarrabawa ne, kuma yana so a gyara a wanke kafin motar la'asar ta tashi. Balkisu ta buɗe manhajar gyaran hoto, sai wani rubutu ya fito da Faransanci, wai diski ya cika. Ta kashe ta kunna. Ta hure ƙurar madannai. Ta sake kunnawa da bismilla, rubutun nan dai ya dawo.

Sai ta kira Abdulrauf, ɗan kawunta mai gyaran na'urori a Maradi.

"Yaya, ba lalacewa ta yi ba," in ji shi. "Manhajar nan tana son fili inda za ta baje kayanta in tana aiki, ke kuwa kin cushe ɗakin har ƙofa. Yaushe rabon da ki zubar da kwandon shara?"

"Wane kwando?"

Ya yi salati. Ya bi da ita sannu a hankali har ta gano kwandon sharar da ke cikin ordinatar, ta zubar da shi, ta share tarkacen da manhajar ke bari in ta gama aiki. Fili ya ɗan samu, manhajar ta buɗe, amma a hoto na uku ta sandare.

"Sai fa kin goge tsofaffin hotuna, Yaya."

"Ba ni goge mutane."

"To jera jakunkunan hotunan, mafi nauyi a sama, ki faɗa mini ta farko."

Ta jera. Ta ƙura wa allon ido, sai ta tuntsire da dariya har Malam Harouna ya leƙo. Jakar da ta fi kowace nauyi ta Alhaji Isufu ce, dillalin dabbobi. Shekara biyar ke nan duk gabanin layya yana kawo raguna ta ɗauke su hoto, gaba da baya da gefe, har da bidiyo, ta gyara hasken, ya tura wa masu saye a Najeriya ta waya. Kowane rago ta adana shi sau uku, na asali da gyararre da wani don ko ta kwana. Raguna sun cinye rabin diskin.

Ta kira Alhaji, yana tsakiyar kara, ana jin kukan tumaki ta wayar.

"Baba, ragunanka na bara da na shekarun baya, kana da buƙatar hotunansu?"

"Ɗiyata, waɗannan ai an cinye su tuntuni, fatunsu ma sun zama buzu! Goge abinki." Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai farin nan mai baƙin kunne da na samo a Korahane, bar mini shi. Ban taɓa riƙe kamarsa ba."

Ta ware farin, ta zaɓi sauran, ta danna. Ordinatar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce, "Na tabbata mana," kamar da mutum take magana. Layin da ke nuna cikar diski ya sauka daga ja ya koma shuɗi, manhajar ta kama gudu kamar sabuwa. Kafin a kira la'asar Malam Harouna ya fita da ambulan ɗinsa, yana ta sa albarka.

Bayan mako biyu Abdulrauf ya aiko mata da diskin waje ta hannun wani direba. Ta kwana uku tana kwashe mutane zuwa ciki, shekara shekara, gari gari. Yanzu duk ranar Alhamis takan zubar da kwandon kafin ta rufe shago, ta kuma koya wa masu buga takardu biyu na layinsu yadda ake yi. Ɗayansu, Hanatu, da ta duba tata ordinatar, wa'azi ɗaya ta tarar an kwafa sau goma sha ɗaya.