Hannun da na ɗaga a kan masussukarmu

Shekara biyu na yi ina konseye, wato kansila, a majalisar komin ɗinmu, ƙaramar hukumarmu, ban taɓa buɗe baki ba. Sana'ata man gujiya da ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa in kai Tasawa, wani lokaci Maijirgi. Siyasa ba ta gabana, sai da aka ce dole a sa mata cikin jerin ƴan takara. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ke neman kujerar magajin gari. Ya zo har gida ya roƙi maigidana, aka rubuta sunana. Matan gari suka fito suka jefa mana ƙuri'a, muka ci.

Da Faransanci ake zaman majalisa. Ni kuwa aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni, abin da ya rage a kaina bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Sakatare ya yi ta karatu, ni in yi ta kallon bango. In na ga mutanen kawu sun ɗaga hannu, in ɗaga nawa. A watse, a ci shinkafa, in koma gida in ɗora tukunya. Haka na yi wata rana cikin damina. Na ji ana ta maimaita kalmar lotisma, na san dai zancen yanka filaye ne. Ban tambayi wane fili ba. Na ɗaga hannu.

Bayan an yi girbi, wata safiya ina suyar gujiya, sai ga wata tsohuwa, ƙawar marigayiya mahaifiyata, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Na ɗauko mata tabarma, ta ƙi zama.

"Tashi mu tahi ki ga aikinku," in ji ta.

"Wane aiki, Inna?"

"An ce har da hannunki. Na ce ƙarya ne, ɗiyar ƙawata ba ta yin haka. Tashi ki ƙaryata su da bakinki."

Yamma da garinmu akwai wani faffaɗan fako da gawo uku a tsakiyarsa. Nan matan gari ke sussuka tun kafin a haife ni. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, iska kuma tana kaɗawa daidai yadda mai shiƙa ke so. Ta gefensa burtali ya bi, hanyar da shanu ke ratsawa zuwa tabki ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Da muka isa, na ga an kakkafa ƴan tubalan siminti jere-jere, kowane da jan fenti a kai. Ɗaya na gindin gawo, inda muke jingine taɓare. Ɗaya kuma a tsakiyar burtali, saniya ma ta riga ta yi kashi a kansa. Mata sun tsaya cirko-cirko da dammunansu, ba wadda ta kwance. Duk suka juyo suna kallona.

Ban ƙaryata ba. Na ce musu, "Da hannuna. Ban san abin da na ɗaga wa ba." Wata ta yi tsaki. Har yau in na tuna tsakin nan sai in ji zafi a fuskata.

Daga nan ban koma gida ba, na wuce gidan wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Shi ma konseye ne, amma na ƴan adawa, ba ma ko haɗa benci da shi. Ya yi mamakin ganina. Na ce ya ɗauko takardar ranar nan ya karanta mini da Hausa, kada ya tsallake komi. Ya sa gilashinsa ya karanta. Majalisa ta amince a ba wani ɗan kwangila fili ya gina rukunin gidaje, don ma'aikata da ƴan kasuwa. Filin kuwa, in ji takardar, kango ne wanda ba mai amfani da shi.

"Sake karanta wurin nan, Mushe."

Ya sake.

"Ba mai amfani da shi? Tuwon da wanda ya rubuta wannan ya ci jiya, a ina aka sussuke hatsinsa?"

Mushe ya ce shi ya yi magana ranar, aka yi masa dariya. Arɗon Fulani, wanda shi ma konseye ne, bai zo zaman ba, don takardar gayyata ta iske shi bayan an gama. Mushe ya ce akwai hanya ɗaya: in konseye masu yawa suka sa hannu, dole a kira zama na musamman a sake duba batun. Amma na adawa kaɗai ba su isa ba, sai an samu daga ɓangaren kawu. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Hajiya, kawunki ne fa."

"Na sani. Rubuta takardar, sunana na farko."

Kafin in kai wa kowa, sai da na je wurin kawu, don kada ya ji a bakin wani. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini bayani a hankali. Malaman lakwal da ma'aikatan asibiti ba su da wurin zama, wasu kullum sai sun koma Tasawa kwana. Gari yana girma. Duk gaskiya ne, na kuma faɗa masa gaskiya ne. Na ce ba gidajen nake ƙi ba. Ga jigawa can gabas bakin hanya, mi ya hana a yi can? Mu duka mun san dalili: gonakin gabas na masu baki ne, masussuka kuwa ta mata ce, burtali na Fulani.

"Ɗiyata," in ji shi, "kin manta wanda ya ɗora ki kan kujerar nan?"

"Ban manta ba, Kawu. Kai ka rubuta sunana. Amma matan nan su suka tsaya cikin rana suka jefa ƙuri'a."

"To ki tahi ki yi abin da kika ga dama."

Ya juya ya ɗauki carbinsa. Na yi masa sallama, bai amsa ba.

Da na gaya wa maigidana, shi dama ba mai yawan magana ba ne, sai ya ce, "Ni da kin tambaye ni, da na ce ki bari. Tunda kin fara, kada in ji kin tsaya a hanya."

Sati uku muka yi muna neman sa hannu. Konseyen komin a warwatse suke cikin ƙauyuka. Mushe ƙafa ta hana shi yawo, don haka ni da Arɗo muka raba hanya, shi a kan jakinsa, ni a kabu-kabu, takarda cikin leda a ɗaure a ƙuguna. Na sha rairayi. Wani da ya ji ƙarar babur sai ya fita ta bayan danga, matarsa ta ce mini ya yi tafiya, alhali ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Wani na bi shi har kasuwar Gidan Amumune, na tsaya a kansa yana cinikin akuya, na ƙi tafiya. Ya karɓi biro ya sa hannu a kan gwiwarsa, yana cewa, "Wallahi ke masifa ce." Na ce na gode.

A gida kuwa dangi suka ɗauke mini wuta. Aka yi suna a gidan kawu, na je da ƙwaryar hatsina, matan gidan suka bar ni zaune ni kaɗai bakin murhu. Wata gwaggota ta ce da ƙarfi, don in ji, wai tun da aka fara ba mata kujera suka daina sanin manya. Na ci tuwona, na wanke hannu, na yi wa mai jego barka, na fito. Sai da na kai lungu na share hawaye. Washegari na sake hawa babur.

Da hannu ya cika, muka je Tasawa mu uku muka kai kwafi ofishin prefe, wakilin gwamnati a yankinmu. Wanda ya karɓe mu ya karanta, ya buga tambari, ya ce magana ta majalisarmu ce, mu koma mu yi zamanmu bisa ƙa'ida. Abin da muke nema ke nan. Ba yadda kawu ya iya, aka sa rana.

Ban kira mata ba, su suka zo da kansu. Suka zazzauna ƙarƙashin tagogin meri, ofishin magajin gari, tsohuwar nan a gaba. Ba su yi ihu ba, ba su yi waƙa ba. Sakatare ya miƙe ya fara karatu da Faransanci kamar kullum. Na tashi tsaye.

"Mai girma magajin gari, ban ji abin da ake cewa ba."

Sakatare ya ce takardun hukuma da Faransanci ake karanta su.

"A karanta da shi, sannan a juya da Hausa. Ba ni zaunawa sai an juya. Duk wanda ya ji komi da komi cikin karatun nan, ya ɗaga hannu mu gani."

Mutum huɗu suka ɗaga. Sauran suka sunkuyar da kai, har da manyan mutanen kawu masu babbar riga. Wani ya yi dariya daga baya. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa sakatare, "Juya."

Da aka zo wurin "ba mai amfani da shi", sai gunaguni ya taso daga waje ta taga. Na ce a rubuta cewa ni na ɗaga hannu a kan wannan magana cikin rashin sani, yau na janye shi. Na ce filin nan shi ke ciyar da gari, duk hatsin da ke cikin rumbunanmu ta nan yake bi kafin ya zama tuwo. Na yi magana mai tsawo, wata ma ban san na iya ta ba. Arɗo ya tashi bayana. Shi gajeruwa ya yi. Ya ce in an toshe burtali, shanu ba za su fasa shan ruwa ba, ta gonaki za su bi, kuma duk faɗan da ya biyo baya a zo ɗakin nan a nemi masu shi.

Aka zo ƙuri'a a kan a soke aikin gaba ɗaya. Muka faɗi da ƙuri'a biyu. Mai akuyar nan ma, da ya ga idon kawu, hannunsa bai tashi ba. Amma Mushe bai bari an tashi ba. Ya ce to a kaɗa wata: a fitar da burtali daga cikin awon, a kuma bar wa mata ɓangaren gawo. Maganar Arɗo ta tsorata masu gonaki, wannan karon hannuwa suka tashi. Muka ci.

Ba duka muka samu ba, ba na kuma cewa mun samu. Rabin fakon ya tafi. Aka tono tubalan da ke burtali da na gindin gawo, sauran aka bar su, gini ya tashi. Da zaɓe ya zagayo, ba wanda ya zo roƙon maigidana, sunana bai fito ba. Kawu ya yi shekara bai amsa gaisuwata ba. Ban fasa zuwa ba, duk Juma'a sai na durƙusa a zaurensa, har ranar da ya gaji ya ce "lahiya lau". Bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri a kanta ba.

Gidajen suna nan, an shafa musu farar ƙasa, mutanen kirki ne a ciki, wasu ma ni ke kai musu mai. A kakar da ta wuce muna shiƙa, wata mata daga gidan da ke daf da mu ta leƙo ta katanga. Baƙuwa ce, mijinta aka kawo aiki. Ta ce ƙaiƙayi yana shigar mata ɗaki, yana hau mata shanya, an kuma ce mata ni ce mai magana a nan. Ko zan sa mata su matsa can nesa?

Na ce, "Sannu, ƴar uwa. Wallahi ƙaiƙayi ba daɗi, mu ma a jikinmu yake kwana. Ki rufe taga daga hantsi zuwa azahar, shanya kuma ki bari sai la'asar. Amma mun riga mun matsa sau ɗaya. Ba mu ƙarawa."

Ta koma ciki. Na ji ƙarar taga. Na ɗaga ƙwaryata sama, iska ta zo, na ci gaba da zubawa.