Gari Ɗaya a Rabon Ƙabila Biyu

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa, gwamnatin jiharmu ta tura ni London karatun safiyo, wato awon ƙasa. Ɗakin da na samu a Bloomsbury yana saman na wani dattijo, mutumin ƙasar Zazzau, Kirista, wanda ke taimaka wa Turawa masu koyon Hausa a jami'a. Baba nake ce masa. Idanunsa sun fara rauni, don haka ran Lahadi bayan na yi la'asar nakan sauka in karanta masa wasiƙun gida, shi kuma ya tuƙa mana tuwon garin shinkafa da miyar kuka.

Wata Lahadi ya miƙo mini Littafinsu Mai Tsarki. Ya ce, "Ɗana, kai mai awon ƙasa ne. Karanta mini inda aka raba wa ƙabilun Bani Isra'ila ƙasa. Magabatan hidimar coci sun sa ni in yi bayani a kai."

Na karɓa na buɗe. Sunayen garuruwa ne a jere, harshena yana ta tuntuɓe, yana gyara mini. Halin aikina ya motsa, na ɗauko fensir ina lissafawa. A wani wuri an ce garuruwa goma sha uku, ni kuwa sha huɗu na ƙirga. Wasu garuruwan kuma an ba wata ƙabila, can gaba sai ga su a rabon wata.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Da a ofis ne, da an maido wannan takarda."

Maganar na fita na ji kunya, don littafin addininsa ne. Bai ji haushi ba. Ya ce na ƙirga daidai. Wasu malamansu na cewa gari ɗaya ne mai suna biyu, wasu na cewa mai kwafa ne ya maimaita, shi dai bai sani ba. Amma batun gari ɗaya a rabon ƙabila biyu, ya ce, ya san shi tun kafin ya karanta.

Sai ya ba ni labari. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, shi bai samu ko taku ɗaya na gona ba, saboda ya bar addinin gidan. Bai yi gardama ba. Da damina ta kusa, yayansa ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar gonarsa, daga tsamiya zuwa bakin rafi, ya ce ya noma nan.

"Ka tambayi dagaci, zai ce gonar yayana ce. Ka tambayi matan unguwa, za su ce tawa ce. Wa ya yi ƙarya a cikinsu?"

Na ce babu. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Yayan ya rasu Baba yana London, bai samu zuwa jana'iza ba.

Shekara ta zagayo ya koma gida gaba ɗaya. Na raka shi filin jirgi, ina ɗauke da akwatinsa. Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo, da rubutun jikarsa. Baba ya ce 'ya'yan yayansa sun yi masa huɗa a gonar nan tun kafin ya iso, bana gyaɗa ya shuka, kuma in riƙa cin abinci mai zafi.