Kyaftin ɗin Baban Biyu

Uwar Biyu tela ce, shagonta na ƙarƙashin wani bene, jikin na mai gyaran rediyo. Mace ce mai fargaba tun tana ƙarama. Sai ta auna yadi, ta ɗauki almakashi, ta ajiye, ta sake aunawa. Ƙwallo kuwa ba ta san komai a kanta ba, illa ihun da ke tashi daga shagon maƙwabcinta ran Asabar.

Mijinta, Baban Biyu, direban babbar mota ne. Shi da abokan aikinsa suna da wani wasa a waya da suke kira fantasi: kowa ya tsinto 'yan ƙwallo daga kulob-kulob ya haɗa ƙungiyarsa, in sun ci a filin gaske a ba shi maki. Bana shi ne a sama, har direbobi suna kiransa Koci.

Sai aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi kallon waya. Ranar da aka sallamo shi, ido a naɗe, ya lalubo wayar ya miƙa mata.

"Uwar Biyu, ga amanar yarana."

"Yaranka ai suna makaranta."

"Na cikin wayar nake nufi."

Ya zaunar da ita bakin gado ya yi mata karatu. Kada ta kori ɗan wasa don ya yi mako guda bai ci ba. Canji ɗaya ne kyauta, in ta ƙara a yanke maki. Kyaftin makinsa ninki biyu ne. In kuma ta ga alamar ruwan ɗorawa jikin suna, mai sunan ba shi da lafiya. Ta ce to.

Ran Asabar da hantsi ta buɗe wayar a shago, sai ga ruwan ɗorawa jikin sunan kyaftin ɗinsa, ga lokacin rufe canji ya ƙarato. Ta ja ƙofar shago ta ruga gida. Ta tarar magani ya kwantar da shi, yana barcin da bai samu irinsa ba tun da aka yi aikin. Ta kai hannu za ta taɓa shi, ta janye. Ta koma falo ta yi ta zarya. Can ta sauke kyaftin ɗin, ta naɗa wani ɗan gaba mai gemu wanda za su kara da ƙungiyar da ke ƙarshen teburi. Ta danna, ta koma shago.

Da yamma mai rediyo ya ƙure sauti. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke. Bayan hutun rabin lokaci marar lafiyar nan da ta sauke ya shigo ya zura biyu, mai gemu kuwa ya ɓarar da fenariti. Saƙonnin direbobi suka fara shigowa: "Koci, lafiya kuwa?"

A bakin ƙofar ɗaki ta tsaya ta faɗa wa Baban Biyu, ba ta ko cire mayafi ba. Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Na nawa muke yanzu?"

"Na huɗu."

"Ko ni ne, sauke shi zan yi," in ji shi. Ya shafa bandejin a hankali. "Uwar Biyu, in aka kwance kuma ban ga komai ba fa?"

Ta shigo ciki. Ta zauna kusa da shi, ta gyara masa matashin da ba abin da ya same shi.

Da suka koma asibiti aka kwance, ya ga taga, ya ga fuskar nas dishi-dishi. Likita ya ce alhamdulillahi, amma batun waya tukuna. Nas na haɗa magani, Uwar Biyu ta leƙa wayar, ta ga ruwan ɗorawa jikin sunan golan ƙungiyar, ta matso ta rage murya.

"Sista, don Allah, in mutum ya yi targaɗe a idon sawu, zai iya gudu nan da Asabar?"

"Waye kuma ba lafiya?"

"Mai tsaron gidanmu ne."

"To ku kawo shi a duba mana," in ji nas, ta miƙo mata ledar magani.