Gabar Misbahu da Abdulkahar a Kan Ƙaramin Baƙi

Misbahu ɗan malamin allo ne a Kiyawa. Tun yana yaro ya saba cewa rubutu ko dai daidai ne ko kuskure, domin ɗigo ɗaya ya ɓace, mahaifinsa sai ya sa a wanke allon duka. Da wannan hali ya je Kano ya koyo kwamfuta, ya dawo Dutse a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ya kama koyarwa a 'yar makarantar kwamfuta ta wani Alhaji Ɗanmusa.

Su biyu ne malamai, shi da Abdulkahar, mutumin Ringim mai yawan raha da ɗalibai. Jininsu bai taɓa haɗuwa ba.

Misbahu ya rubuta manhajar jarrabawa da harshen kwamfuta na BASIC. Kwamfuta ta yi tambaya, ɗalibi ya buga amsa, ita kuma ta gwada ta da wadda aka ajiye, baƙi da baƙi. Ko babban baƙi da ƙarami ne suka saɓa, ta ce kuskure. Ranar gwaji aka tambayi babban birnin jiha, Zulfa, wata mai goyo 'yar asalin Buji, ta buga “dutse”. Ta faɗi.

“Malam, a garin fa nake zaune yanzu haka,” in ji ta.

“Dutse mai babban baƙi gari ne,” Misbahu ya ce, “dutse mai ƙarami kuwa abin jifa. Ki koyi bambanci.”

Ta fita da hawaye. Abdulkahar ya tare Misbahu a bakin ƙofa. “Nan ba makarantar babanka ba ce. Umarni guda za ka ƙara, ta mai da amsoshin biyu manyan baƙaƙe kafin ta gwada.”

“Kai ka koya musu lalaci a ajinka.”

Ranar da Misbahu ya tafi suna Kiyawa, Abdulkahar ya buɗe manhajar ya taɓa ta. Bai tsaya ga manyan baƙaƙe ba, ya sa ta nemi kalmar kawai a cikin duk abin da aka buga. Kowa ya ci.

Da Misbahu ya dawo ya gani, sai ya jira. Sai da aji ya cika, Alhaji na zaune a baya, sannan ya ja kujera ya buga: “Ba Dutse ba ne, Kano ne.” Kwamfuta ta ce daidai. Ya juyo da fuskarta kowa ya karanta.

“Ga ilmin malaminku nan.”

Ɗalibai suka bushe da dariya. Abdulkahar ya cakumi wuyan rigarsa, da ƙyar aka raba su.

Misbahu ya ɗauka ya yi nasara. Amma Alhaji ya ce wanda ya ci fuskar abokin aiki a gaban ɗalibai shi zai tafi. Misbahu ya kwashe faifansa na kwamfuta ya koma buga wa mutane takardu kusa da sakatariya, abin na cinsa a rai.

Daga baya ya ji Abdulkahar ya gyara manhajar: manyan baƙaƙe, sannan gwaji baƙi da baƙi. Misbahu ya ce rabin aikin nasa ne aka sace. Har Abdulkahar ya koma Ringim, in suka haɗu a masallacin Juma'a, Misbahu sauya sahu yake yi.