Takandar Baba a Tankin Babur

Tun da ɓarayin daji sunka raba mu da gonarmu ta wajen Rabah munka dawo Wurno, babur ɗina ne ke ci da gida. Kabu-kabu nike yi. To shi ne Yaya, wadda ke karatun kimiyya a Sakkwato, ta ɗora wa ido.

Takandar ƙarshe da Baba ya samu ya yanko daga gonar, ita ta matse, ta bar ruwan ya yi tsami a jarka, ta ce in kai mata makaranta. Ni kuwa da iyawa, sai na sa leda na murɗe bakin jarkar tamau, yadda muke wa fetur. Kafin mu yi nisa jarka ta kumbura kamar cikin jaki. Ina taɓa murfin, fuuu! Har cikin hancina.

Yaya ta yi ta dariya. "Auta, wagga iska da ta wanke ka, irinta muke matsawa cikin tukunyar ƙarfe, ita ka jawo man inji daga cikin ruwan takandar. Ba sai mun ƙone itace wajen dafa shi ba."

"Iska ta jawo mai? Yaya, mi kika ɗauke ni?"

Da hutu sai ga ta da 'yar kwalba, ruwa garai-garai, wai man takandar ne, a gauraya da fetur a gwada a babur ɗina. Wallahi na ji tsoro! In inji ya buga, mi za mu ci? Inna ta ce kada in yarda. Baba dai kwalbar kawai yake kallo. Kallon nan ne ya sa na buɗe tanki.

Na taka, shiru. Na sake, ya yi tari ya mutu. Gumi ya keto min. Na yi bisimilla na taka da ƙarfi, sai inji ya ɗauka, ƙara lafiya lau! Na yi ihu, Yaya na tsalle da hijabi, Inna da ta hana ita ce ta fara guɗa.

Sai Baba ya gyara rigarsa ya haye bayana.

"Ina za mu, Baba?"

"Ja mu je kawai," ya ce. "Ban zaci gonar nan za ta sake kai ni wani wuri ba."