Ranar da Na Ƙi Cewa Lafiya Lau

Ranar Alhamis ce, a watan cirar gyaɗa, wajen ƙarfe goma na safe, a ƙofar gidan mai garinmu, gabas da Zinder. Waɗanda ke wurin su ne mai gari, wanda baffana ne, da liman, da dattawan unguwanni, da kumandan jandarma da ya zo daga babban gari. Ni hutu na zo daga aikina na karanta labarai a rediyo, aka ba ni gefen tabarma.

Jandarmomi biyu ke garinmu, da moto ɗaya, wato babur. Su ke duba mu da ƙauyukan da ke kewaye har bakin tafki, su ke tsaron kasuwar mako. Kumandan bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Ya ce mutanensa ba su isa ba, ko'ina ana kukan rashinsu, don haka zai ɗebe su daga inda ake zaune lafiya ya kai inda ake bukata. Shi ya sa yake zagayawa yana tambaya.

Ya dubi baffa ya ce, "Mai gari, yaya garin?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sai alheri."

Liman ya maimaita. Dattawa suka bi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda aka sari ɗansa a hannu kan iyakar gona a daminar nan.

Ba ƙarya suke ganin sun yi ba. Haka muka gada: baƙo ba ya jin ciwon gari. Sata, ɓarnar gona, faɗa, duk a zauren baffa ake kashe su, kuma wanda ya kai ƙara birigad, wato ofishin jandarma, ya zama abin nuni. Shi ya sa a ofishin kumandan aka san mu da garin da ba a komai.

Ni kuwa yayata nake tunani. Mijinta ya rasu, gonarta ce ta ƙarshe, daf da burtali. Makonni kaɗan kafin nan aka kwance mata san amalanke da rana tsaka. Gyaɗarta tana baje a gona, ba abin kwasa, kuma ranar sakin gonaki, wato ranar da hukuma ke ba dabbobi izinin shiga, da sauran lokaci. Yawancin makiyaya suna jiran ranar. Masu gaggawa kuwa ƙarar moton jandarma ce ke tsayar da su, don kullum da la'asar yana bin burtalin nan. In aka ɗauke moton, yini ɗaya ya isa a cinye abincin shekararta.

Na ce, "Kumandan, ba lafiya ba."

Na faɗa masa yadda nake karanta labarai: abin da ya faru, inda ya faru, da wanda ya gani. San yayata da aka sace, saran da aka yi, awakin da ke ɓacewa ranar kasuwa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Baffa bai dube ni ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, nan ba gidan rediyo ba ne."

"Na sani, Baba. A can ma ba na karanta abin da na san ba haka yake ba."

Wani dattijo ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Mun kai shi lakwal ya yi boko, ya koyo tonon asiri, har albashi ake ba shi a kai."

Kumandan ya tambayi baffa ko gaskiya ne abin da na faɗa. Baffa ya gyara rawaninsa ya ce, "Yaro ne, ranka ya daɗe." A lokacin furfura ta riga ta cika mini gemu.

Kumandan ya ce, "Tun da na fara zagayen nan ban sauka garin da ba lafiya lau ba. Ku gaya mini ina zan kai mutanena." Ya sha ruwa, ya yi sallama.

Bayan azahar baffa ya kira ni zaure ya ce na kwance wa gari zani a kasuwa. Na ce masa in rufin asiri zai kai gyaɗar marayu bakin shanu, ba na cikinsa, kuma in kumandan ya dawo gobe haka zan sake faɗa. Yaya ma ba ta gode mini ba. Ta ce na ambaci rashinta a gaban maza, yanzu kowa ya san ba ta da komai. Na ba ta haƙuri kan wannan kawai.

Mako na zagayowa aka ɗauke jandarma ɗaya, aka bar ɗaya da moton har bayan sakin gonaki. Yaya ta kwashe gyaɗarta da amalanken aro. Ba a ga san ba, kuma baffa bai ƙara aikawa a kira ni ba in an yi baƙo.