Manomin da Babanmu Ya Raina

"Malam, dakata! Wannan ai ba manomi ba ne."

Babanmu ne ya katse mai wa'azi. Shekarun 1970 ne, muna nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakar gidanmu kusa da Ajingi, an zo kan misalin mai watsa iri, wani irin ya faɗi kan hanya, wani cikin ƙaya.

Baba ya ce, "Mu sara muke, mu zuba, mu rufe da diddige. Wa ke ɓarnar iri haka?"

Goggo, yayarsa, ta ce, "Audu, da Allah na zaɓen ƙasa kamarka, da ya tsallake ka."

Baba ya sosa ƙeya. "Malam, ci gaba."

Yau ina shuka na tuno, har na yi dariya. Ku fa, wa ya taɓa kashe muku baki haka?